Ƙugiyoyin da Suka Zube

Shayin da ke zuba a gefen kofi ne ya fara jan hankalinta. Kullum da safe in ta wuce teburin Kawu sai ta ga ɗan jiƙo a jikin katakon, kamar an zo tsiyayawa an kuskure bakin kofin. Kawu kuwa mutum ne da ko ƙura ba ta kwana a teburinsa. Daga baya ta lura ya daina karanta takarda a gaban mutane. In an miƙa masa sai ya ce, "Ajiye nan, ina zuwa." Ran nan kuma ta shiga aron almakashi, ta tarar ya duƙa a kan wani shafi da gilashin ƙara girman rubutu. Yana jin motsinta ya jefa shi cikin durowa, ya tura ta da gwiwa. Ta ɗauki almakashin ta fita kamar ba ta ga komai ba, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ita dama magana ba ta dame ta ba. Wata uku ke nan da aka ɗauke ta aikin duba rubutu a wannan ƙaramar maɗaba'a, a kan gwaji, kuma ƙarshen makon nan ne Manaja zai ce ta zauna ko ta tafi. Ba wanda ke kiranta da sunanta. Tun ranar da Mai Inji ya ga yadda ta yi wa wata takarda jina-jina da gyara ya laƙaba mata Jan Biro, sunan ya bi ta har bakin ƙofa. Shi kuma Kawu ba kawun kowa ba ne a wurin. Shekara ashirin da shida yana tsara shafuka, tun zamanin mahaifin Manaja, kuma shi ke sa hannu a takardar farko da ta fito daga inji kafin a saki aiki ya gudu. In Kawu bai sa hannu ba, Mai Inji ko tari ba ya bari injin ya yi.

Aikin da ya jawo rigimar ɗan littafi ne na koya wa yara karatu. Wata tsohuwar shugabar makaranta ce ta rubuta shi, kowa yana ce mata Malama. A waya ta buga shi, wayar kuma ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka Jan Biro ta kwana huɗu tana bin shafi-shafi tana maƙala wa kowace ƙ da ɗ da ɓ ƙugiyarta. Ta ƙirga su ma don nishaɗi, ɗari huɗu da goma sha biyu. Ta ajiye gyararren fayil ɗin a kwamfuta kusa da tsohon, ta gaya wa Kawu, ya ce ya ji.

Ran Talata da hantsi Malama ta shigo da littafi ɗaya a hannu, ta ƙi zama.

"Wa ke duba rubutu a gidan nan?"

Jan Biro ta miƙe a hankali. "Ni ce, Malama."

"Madalla. Zo ki karanta min shafi na bakwai. Da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

A shafin akwai zane biyu, na sama leɓuna ne a buɗe, na ƙasa mutane uku da jakunkuna a bakin ƙofa. Jan Biro ta ƙura wa rubutun ido.

"Karanta mana."

"Wannan baki ne," ta karanta da ƙyar. "Waɗannan ma... baki ne."

Mai Inji ya yi wata irin tari ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Baƙi!" in ji Malama. "Baƙi na rubuta littafin nan don yaro ya bambance su da baki. Buɗe gaba. Ƙafa ta zama kafa. Ɗaki ya zama daki. A bangon littafin kuma, inda na ce yara su so ƙasarsu, kun sa su son kasa. Maciji zan koya wa 'ya'yan mutane su runguma? Littafi dubu biyu, ko ƙugiya ɗaya ba ta tsira ba!"

Manaja ya fito daga ofis yana ba da haƙuri tun bai san abin da ya faru ba. Da ya gane, sai ya juya ya dubi Kawu. Jan Biro tana kallo, ta ga hannun Kawu ya kai kan durowar nan ya dafe ta. Sai kuma Kawu ya miƙe, ya yi magana da muryar da ba ta taɓa jin ya yi ba.

"Ai na faɗa! Tun farko na faɗa a daina kwaso mana yara daga jami'a da takarda a hannu, kai babu komai. Ita ta ba ni fayil. Takardar farko ma ita na nuna wa, ta ce lafiya lau. Yarinyar nan in ban da ɓata takarda da jan biro me ta iya? Ko gaisuwa sai ka sa kunne kafin ka ji!"

Jan Biro tana jin idon kowa a kanta, har na wani mutum da ya zo karɓar katin gayyata ya tsaya kallon ikon Allah.

Manaja ya raka Malama har waje da alkawarin za a sake bugawa. Da ya dawo bai ɗaga murya ba, wannan ya fi tsorata ta.

"Gobe ƙarfe goma ina son ganinku ku biyu a ofis. Wanda ya yi wannan ba zai ƙara taɓa min aiki ba."

Bayan an watse cin abincin rana ta zaga bayan inji. Akwai wata doguwar ƙusa a bango inda Mai Inji ke soke duk takardar farko da aka sa wa hannu. Bai tambaye ta abin da take nema ba. Ya goge tawadar hannunsa a jikin wando, ya zaro ta uku daga sama ya miƙa mata. Ga leɓuna, ga mutane uku da jakunkuna, ga baki da baki. A kusurwar ƙasa kuma ga sa hannun Kawu da koren biron da shi kaɗai ke amfani da shi, har da kwanan wata. Ranar ma ba ta zo aiki ba, ta raka yayarta asibiti.

"Ni tawada na sani, ban san boko ba," in ji Mai Inji ƙasa-ƙasa. "Amma kore da ja ko makaho ya... to, kin dai gane. Ga bindigarki nan, harsashi a ciki."

Ta ninke takardar ta sa a jaka.

Da yamma ta tarar da yayarta tana gugar kayan aiki a falo. A gidanta take zaune tun da ta gama karatu. Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma Yaya ta dube ta sau ɗaya ta kife dutsen guga.

"Auta, wa ya taɓa ki?"

Ta ba ta labari duka, har da shayin da gilashin, abin da ba ta taɓa furtawa ba. Yaya ta riƙe ƙugu.

"Wato tsohon baya gani, ya ɗauko tsohon fayil, ya sa hannu a abin da bai karanta ba, sannan ya wanke hannunsa a jikinki? A gaban mutane? Kawo wayarki."

"Yaya..."

"Kawo na ce. Ba kuna da zauren ma'aikata a waya ba? Ki ɗauki hoton takardar ki tura. Ki rubuta a ƙasa: a tambayi Kawu abin da yake ɓoyewa a durowa. Shi ke nan. Kafin ki gama wanke fuska an gama shari'a."

"Zai rasa aikinsa."

"Ke kuma naki fa? A bakin titi kika tsince shi? Wata goma sha huɗu kina yawo da fayil a hammata, takalminki har ya san ofisoshin garin nan fiye da ke. Wannan shiru-shirun naki wata rana sai an sayar da ke kina riƙe wa mai saye jaka."

Jan Biro ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ta shimfiɗa takardar ta ɗauki hoto. Ta rubuta saƙon, kuma abin da ya ba ta tsoro shi ne yadda ya fito da kyau. Duk maganar da ta maƙale mata da safe yanzu ga ta a jere, kowace kalma da kaifinta. Ta karanta sau uku tana jin daɗi. Har ta gyara wata waƙafi.

Babban yatsanta yana kan wurin turawa sai ta tuna da Baba.

Tana 'yar shekara tara ta bi shi wurin aikinsa wata rana da aka tashe su makaranta da wuri. Direba ne a wani kamfani. Wani mai kwat, wanda a haife Baba ya haife shi, ya tsaya a tsakiyar fili ya wanke shi tas a kan wani kuskuren da shi ma Baba bai musa ba. Ma'aikata suna leƙe ta taga. Baba yana tsaye da hula a hannu yana cewa a yi haƙuri. Da suka kamo hanyar gida bai riƙe hannunta wurin tsallaka titi ba, abin da bai taɓa mantawa ba. Ita ce ta kama nasa. Laifin na Baba ne, ta sani tun a lokacin. Amma har ya bar duniya ba ta yafe wa mai kwat ɗin ba, kuma tun ranar ta ɗaukar wa kanta cewa ba za a taɓa samun wani ya tsaya haka saboda bakinta ba.

Ta goge saƙon harafi-harafi. Da allon ya koma fari sai ta ji numfashinta ya sauka har ciki, karo na farko tun safe.

"Kin tura?" Yaya ta ƙwalo daga falo.

"A'a."

"To za ki ce ke kika yi ke nan? Ki ɗauki kayan wani a ka?"

"Shi ma a'a. Ban yi ba, ba zan ce na yi ba."

"Ikon Allah. Ba ki harba ba, ba ki gudu ba. To me za ki yi?"

"Zan je da wuri."

Bakwai da rabi ta isa. Ta san Kawu ne ke fara zuwa, shi ke buɗe tagogi. Ta same shi zaune, kofin shayin a gabansa bai taɓa ba. Ta gaishe shi kamar kullum, har da ɗan rusunawa. Ya amsa a ciki, bai ɗago ba.

Ta fito da takardar ta buɗe ta a kan teburinsa.

"Kawu, wannan taka ce. Hannunka ne a jiki."

Bai duba ba. Ba ya buƙatar dubawa.

"Barazana kika zo yi min?"

"A'a wallahi." Ta janye hannunta daga kan takardar. "Na zo ne kada ka ji komai a bakina a ofis wanda ban fara faɗa maka a nan ba. Ina da hotonta a waya, ba zan ɓoye maka ba. In Manaja ya tambaye ni, zan ce na yi gyarana, kuma ba a nuna min takardar farko ba. In ya ce ina shaida, zan nuna. Ba zan karɓi laifin da ba nawa ba, Kawu, ina son aikin nan."

Ya ture kofin shayin gefe. Ta ci gaba.

"Amma abin da ke cikin durowa ba ruwana da shi. Ba daga bakina za a ji ba, yau ko gobe, ko an kore ni ko an bar ni."

Sai a lokacin ya ɗago. Ta ga abin da ta daɗe tana zargi, wani fari-fari kamar hayaƙi a cikin ƙwayar idonsa na dama.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar almakashi."

"Wata biyu ke nan."

"Da 'yan kwanaki."

"Kuma jiya ina zaginki kina tsaye da wannan a cikinki?"

Ta koma teburinta ta ɗauko wani aiki, ta yi awa biyu tana karanta layi ɗaya.

Ƙarfe goma suka shiga ofis. Manaja ya nuna wa Kawu kujera, ita ta tsaya sai da ya ce ta zauna. Ya fara da ita. Ta faɗi abin da ta ce za ta faɗa, ba ƙari ba ragi: ta yi gyara ɗari huɗu da goma sha biyu, ta ajiye fayil, ta sanar, ranar da aka buga ba ta nan.

"Kawu ya ce ya nuna miki takardar farko."

"Ba a nuna min ba."

"To ɗayanku dai bai faɗi daidai ba. Ina takardar? Na duba ƙusa ban gan ta ba."

"Ni na ɗauka jiya. Na ba Kawu da safen nan."

Manaja ya ɗaga gira. "Kin ba Kawu."

Suka dubi Kawu su biyu. Yana zaune ya haɗa hannuwa a kan ciki, idonsa a kan kalandar bango. Fankar sama tana ta ƙiƙi-ƙiƙi. Jan Biro ta sa hannu a jaka ta taɓa wayarta. Ta fara ƙirgawa a zuci, ta ce in ta kai ashirin za ta fito da ita, ta nuna hoton kawai, ba za ta ƙara ko kalma ba. Tana sha huɗu Kawu ya sa hannu a aljihun gaban rigarsa.

Ba takardar ya fara fitarwa ba. Gilashin ne. Ya ajiye shi a tsakiyar teburin Manaja, ya daidaita shi da yatsa, sannan ya ɗora takardar a gefe.

"Yarinyar nan ba ta da laifi," ya ce. "Fayil biyu ne, sunansu kusan ɗaya, na ɗauki na sama. Takardar ta fito na ga baƙi-baƙi a kan fari, na sa hannu. Ƙugiya kuwa rabon da in gan ta ba da wannan ba tun bara. Yanar ido ce. Likita ya ce a zo a cire, na ce sai aiki ya yi sauƙi." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ko'ina ba. "Jiya tsoro ne ya yi magana da bakina. In korar ce, ni ne."

Manaja ya ɗauki gilashin ya juya shi, ya ajiye. Ya daɗe yana murza goshi.

"Kawu, kai ka koya min riƙe wuƙar yankan takarda. Kai ka ɓoye wa mahaifina ranar da na yanke littafin mutane a karkace. Ni za ka ɓoye wa ciwon ido?"

"Kai ka ce wanda ya yi ba zai ƙara taɓa maka aiki ba."

"Na faɗa, kuma ba za ka ƙara taɓa takardar farko ba sai likita ya sallame ka. Yau za ka je asibiti a ba ka ranar aiki, ba gobe ba." Ya juyo wurinta. "Ke kuma kin san da wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Da kin faɗa da ba mu yi asarar littafi dubu biyu ba."

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Ba ta taɓa kallon abin ta nan ba.

"Haka ne," ta ce. "Da na same shi tun lokacin na ce ya bari in riƙa duba masa. Kunya ce ta hana ni. Wannan kam laifina ne."

"To a rage kunyar, a wurin aiki muke. Daga yau ke za ki riƙa sa hannu." Ya jawo wata takarda ya fara rubutu, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Maganar gwaji kuma ta ƙare. Ki kawo hotonki biyu a yi miki katin aiki."

Ba ta san yadda ta fito ba. Ta wuce bayan gida ta rufe ƙofa, ta buɗe famfo, ta tsaya tana kallon ruwa yana zuba a hannunta. Dariya ta zo mata, hawaye suka biyo, ta bar su duka suka yi abinsu. Sannan ta rubuta wa Yaya: An bar ni. Ba a kori kowa ba. Amsa ta zo nan take: Ke dai Allah ne ke kiwonki. Ki taho da lemo.

Da ta dawo Mai Inji ya riga ya ji komai, ko da yake ya rantse bai matsa daga wurin injinsa ba, bangon ofis ne ba shi da kauri.

"Ranki ya daɗe, shugabar ƙugiyoyi," ya ce yana sara mata. "A ba mu fayil na gaskiya mu mayar wa Malama baƙinta, kafin ta dawo ta ce mu ma mu karanta shafi na bakwai."

Ta tura fayil ɗin da hannunta, bayan ta canza wa tsohon suna zuwa KADA A TAƁA da manyan haruffa. Wajen azahar injin ya yi gurnani ya tofo takardar farko. Mai Inji ya ɗauke ta ta gefe don kada tawada ta ɓaci, kuma da yake ƙafa ta saba, sai ga shi a gaban teburin Kawu. Ya tsaya turus, ya rasa gaba ya rasa baya.

Kawu ya karɓa. Ya riga ya sa hularsa, katin asibiti yana leƙowa daga aljihu. Ya tako a hankali tsakanin tarin takardu har teburinta, ya shimfiɗa mata shafin, ya miƙar da kusurwar da ta naɗe. Ta duƙa ta bi layi-layi da yatsa. Wannan baki ne. Waɗannan baƙi ne. Ƙafa da ƙugiyarta, ɗaki da tasa.

Ta miƙa hannu za ta ɗauki jan bironta, sai ta ga koren a kwance a kan takardar, an cire masa murfi. Ta ɗago don ta yi magana. Kawu ya riga ya kai bakin ƙofa, yana laluben marikin da tafin hannu. Ya same shi, ya buɗe, ya ja ƙofar a hankali a bayansa.